Kyalami 1982: Ranar da Iskar Tudu ta Tona Asirin Tsohon Inji

Ranar Asabar 23 ga Janairun 1982 motoci 26 suka jeru a filin tsere na Kyalami, arewa da birnin Johannesburg a Afirka ta Kudu, don buɗe kakar Fomula 1 ta waccan shekarar. Ga wanda bai saba da harkar ba, Fomula 1 ita ce ƙololuwar tseren mota a duniya, motocin nan masu kujera ɗaya tak da tayoyi a waje, direba yana ciki a kishingiɗe kamar wanda aka zura a kwalba. To in ka kalli yadda aka jeru ranar, za ka ga wani abu da ba a saba gani ba a lokacin. René Arnoux na Renault ne a gaba, sai Nelson Piquet na Brabham, sai Gilles Villeneuve na Ferrari, Riccardo Patrese na Brabham, Alain Prost na Renault, sai Didier Pironi na Ferrari. Mutum shida, kamfani uku, kuma abu ɗaya ne ya haɗa su, duk injinansu masu turbo ne. Na farko a cikin marasa turbo shine Keke Rosberg na Williams, yana na bakwai, kuma a gwajin neman layi da ake yi kafin tsere, tsakaninsa da Arnoux akwai kusan sakan biyu da rabi a zagaye ɗaya. Kar ka raina sakan biyu da rabi fa, a wannan harkar da ake rigima a kan kashi ɗaya cikin goma na sakan, wannan tazarar kamar mai keke ne da mai babur.

Yawanci in ana labarin wannan tseren yajin aikin direbobi ake tunawa, kuma za mu zo kansa don abin dariya ne sosai. Amma ni abin da ya fi ɗaukar min hankali shine wancan jerin na mutum shida, da kuma abin da ya same su bayan an ɗaga tuta.

Bari mu fara da turbo ɗin kansa, don makanikai da direbobin tirela sun san shi sarai amma sauran mutane sunan kawai suke ji. Inji ba fetur kaɗai yake sha ba, iska yake sha, kuma iskar ma ta fi yawa nesa ba kusa ba, a nauyi kusan kashi 15 na iska ake buƙata kafin a ƙona kashi ɗaya na fetur. Ma'ana ko ka tuttula masa fetur kamar ruwa, in babu isasshiyar iska a cikin silinda ɓarna kawai kake yi, baƙin hayaƙi zai fito. Je ka maƙera ka tsaya ka gani. Gawayi na nan jibge, wuta tana ci a hankali ja-ja, amma ƙarfe ba zai yi laushi ba sai yaron maƙeri ya kama zugazugi ya fara bugawa, nan take za ka ga wutar ta canza kala ta fara huci. Gawayin bai ƙaru ba, iska aka tura masa da ƙarfi. To turbo zugazugin inji ne, bambancin kawai shine ba yaro ke zuga shi ba, hayaƙin da injin ke fitarwa ta salansa shi ake tarewa ya juya wata 'yar farfela, ita kuma tana haɗe da wata farfelar ta biyu a sanda ɗaya, ta biyun sai ta zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin injin da ƙarfin tsiya. Wannan 'yar abar tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da ke sa ƙarfe ya yi jawur. Ba sabuwar dabara ba ce, wani injiniya ɗan Switzerland mai suna Alfred Büchi ne ya yi mata rajista tun 1905, kuma jiragen sama sun daɗe suna amfani da ita don in sun yi sama iska tana ƙaranci. Riƙe wannan maganar ta jirgin sama, za ta dawo.

Tun 1966 dokar Fomula 1 ta ba da zaɓi biyu: ko ka yi inji mai lita 3 da ke shaƙar iska da kansa, ko kuma mai lita 1.5 in za ka tura masa iska da ƙarfi. Rabin girma kenan. Fiye da shekara goma babu wanda ya waiwayi zaɓi na biyun, kowa yana ganin wasa ne, ta yaya rabin inji zai ja da cikakke? Ballantana ma akwai wani inji da ya zama kamar gishiri a miya, Ford Cosworth DFV, mai silinda takwas, wanda ya ci tserensa na farko a 1967 a hannun Jim Clark kuma kafin ya yi ritaya ya ci sau 155. Daɗinsa shine kowa na iya zuwa ya saya da kuɗinsa, ka gina gangar motarka a ɗan ƙaramin gareji a Ingila ka ɗaura masa, gobe ka doke Ferrari. Haka Lotus da Tyrrell da McLaren da Williams da Brabham suka rayu, har tsoho Enzo Ferrari don haushi yana ce musu 'yan gareji.

Sai ga Renault, kamfanin gwamnatin Faransa a lokacin, da aljihu mai zurfi. A 1977 suka kawo motarsu mai turbo filin Silverstone na Ingila, Jean-Pierre Jabouille ke tuƙi, wanda shi kansa injiniya ne. Abin ya zama abin dariya, kusan duk tsere sai motar ta tsaya a gefen hanya tana tuttuɗo farin hayaƙi, Turawan Ingila suka laƙaba mata suna butar shayi mai ruwan ɗorawa saboda kalarta. Sun sha dariya iya dariya. Amma Faransawan ba su fasa ba, a 1978 suka ci tseren awa 24 na Le Mans da mota mai turbo, ranar 1 ga Yulin 1979 kuma Jabouille ya ci tseren Faransa a Dijon, nasara ta farko ga turbo a tarihin Fomula 1. Abin tausayi ma ba a cika tuna shi a wannan ranar ba, don a bayansa Villeneuve da Arnoux suna ta gogayya taya da taya a kan matsayi na biyu, wannan ne ya tafi da hankalin kowa.

Matsalar turbo na wancan zamanin biyu ce. Ta farko jinkiri. Ka taka totur, injin bai amsa ba, don sai hayaƙi ya taru ya juya farfelar tukuna, kana jira kana jira, sai kawai ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar doki ya yi harbi, in kana tsakiyar kwana a lokacin to sai dai Allah ya kiyaye. Dole direba ya koyi taka totur tun kafin ya buƙaci ƙarfin, wato yana tuƙi yana lissafin abin da zai faru nan da sakan ɗaya. Ta biyu zafi. Iska in aka matse ta zafi take yi, sai an bi da ita ta wani irin lagireto an sanyaya ta kafin ta shiga, in lissafin fetur da iska ya ɗan kauce kaɗan fistan ya narke, shikenan an tashi. Don haka a fili mai yawan kwana-kwana tsohon Cosworth yana nan da mutuncinsa, ga sauƙin nauyi ga rashin shan mai ga amsa totur nan take.

To me ya sa Kyalami ta bambanta? Tudu. Filin yana kusan mita 1,500 sama da teku, ya fi Jos tsawo, ita da take wajen mita 1,200. Iskar can ba ta da kauri, in ka shaƙi cikin huhu ɗaya abin da ka samu bai kai na wanda ke bakin teku ba, haka shi ma inji. A ƙiyasin makanikai duk hawan mita 100 inji mai shaƙa da kansa yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa. Yi lissafi da kanka, Cosworth da ke ba da ƙarfin doki wajen 500 a ƙasa, yana zuwa Kyalami ya zubar da 70 ko fiye tun kafin a kunna shi. Shi kuwa mai turbo, da ma can ya fi shi, yana tsakanin 550 da 600, kuma in iska ta yi ƙaranci sai farfelar ta ƙara gudu ta cike giɓin, abin da ya rasa kaɗan ne. Dalilin da ya sa aka saka shi a jirgin sama kenan tun farko. Ga kuma tsohon filin Kyalami yana da wani dogon miƙe da ke gangarowa har kwanar Crowthorne, inda ba dabara ba wayo, ƙarfi ne kawai ke magana. Renault sun riga sun ɗanɗana wannan, Jabouille ya samu layin farko, wato shi ne a gaban kowa wajen tashi, a nan a 1979 da 1980, Arnoux kuma ya ci na 1980. Abin da ya canza a 1982 shine yanzu ba su kaɗai ba ne, Ferrari sun shigo tun 1981, Brabham kuma sun zo da sabon injin BMW mai silinda huɗu wanda wannan ne tserensa na farko. Akwai ma ƙaramar tawagar Toleman da injin Hart mai turbo, amma su talauci ya hana su rawar gaban hantsi.

Saura kaɗan ma a fasa tseren gaba ɗaya. Hukumar da ke kula da wasan, FISA, ƙarƙashin wani Bafaranshe mai zafin kai Jean-Marie Balestre, ta aiko wa direbobi sabon fom na babban lasisi su sa hannu. Da yawa sun sa ba tare da sun karanta ba, ka san halin mutane da takarda. Niki Lauda, wanda ya ajiye tuƙi tun 1979 ya tafi harkar kamfanin jiragen samansa yanzu kuma ya dawo da McLaren, shi ya zauna ya karanta layi-layi, ya ga an ɗaure lasisin direba da tawagar da yake yi wa aiki har tsawon kwantiraginsa, ya ga kuma an hana su sukar hukumar. Ya ce a'a, wannan so ake a mayar da mu kamar 'yan ƙwallo, masu tawaga su dinga cinikinmu a tsakaninsu. Shi da Pironi suka haɗa kan sauran. Ranar Alhamis da safe da direbobi suka iso fili don gwaji sai suka tarar da bas a bakin ƙofa, aka dinga loda su ɗaya bayan ɗaya, aka wuce da su otal ɗin Sunnyside Park a Johannesburg. Jochen Mass kuwa bai shiga ba.

Lauda ya san in aka bar kowa ya tafi ɗakinsa, iyayen gidansu za su bi su ɗaya-ɗaya da barazana, musamman yara sababbi da ke tsoron rasa aiki, don haka ya ce kowa ɗaki ɗaya zai kwana. Ka ɗan hango abin: mutum kusan talatin, cikinsu da zakarun duniya da masu kuɗin da ba su san iyakarsa ba, an shimfiɗa musu katifu a ƙasa kamar 'yan makarantar kwana, mutanen da jibi za su nemi tura juna cikin katanga yau suna raba bargo. Akwai fiyano a wurin, Elio de Angelis wanda ya iya kiɗa na gaske ya zauna ya buga musu, Villeneuve ma ya taɓa nasa, da wani mai tawaga ya zo zai kutsa kai sai suka tura fiyanon suka tokare ƙofa da shi. Teo Fabi ne ya sulale ya gudu cikin dare, kuma an daɗe ana yi masa gori. Pironi yana can yana ta kai-komo da Balestre da Bernie Ecclestone, mai Brabham kuma shugaban ƙungiyar masu tawaga. Ranar Juma'a da safe aka ce an sasanta, suka koma fili, aka yi gwajin neman layi sau ɗaya kawai. Ana gama tsere kuwa hukuma ta juya baya ta ci su tara, daga dala 5,000 zuwa 10,000 kowanne, har da barazanar dakatarwa, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta hukumar motoci ta duniya ta rage hukuncin.

Yanzu tseren. Zagaye 77 ne, kowanne kilomita 4.1, jimla wajen kilomita 316, ga zafin bazarar can don Janairu su lokacin zafinsu ne. Ana sakin su Arnoux ya wuce gaba, Prost ya yi tsalle daga na biyar ya manne masa, Piquet kuwa wanda shine zakaran duniya mai ci ya yi mummunan tashi, motoci suka yi ta wuce shi, garin neman ramawa tun ba a yi zagaye biyar ba ya sulluɓe ya bar titi. Saura biyar. A zagaye na shida turbon Villeneuve ya tashi aiki. Saura huɗu. A na 18 na Patrese ma ya bi sahu. Wato ba a kai rubu'in tsere ba rabin gayyar turbo suna zaune a inuwa suna kallo.

Prost ya karɓe gaba daga hannun Arnoux a zagaye na 14, motocin Renault biyu suka tafi abinsu kamar ba tare aka taso ba. Sai a zagaye na 41 tayar bayan Prost ta hagu ta yi faci. Wanda ya taɓa tuƙa mota da faci ya san yadda take, to ka ƙaddara da irin wannan motar, ƙasa-ƙasa da ita, robar tana yagewa tana dukan jikin mota, in ka yi sauri ka karya ƙafar motar in ka yi a hankali lokaci na tafiya, haka ya lallaɓa ta yana jan ƙafa har rumfar makanikai, aka canza masa tayoyi, ya fito yana na takwas. A ka'ida an gama da shi. Amma nan ne abin ya zama darasi a kan me turbo ke iya yi a kan tudu, don yanzu yana da sababbin tayoyi ga kuma inji da ke numfashi da huhu biyu alhali na gabansa suna haki. A kwana ba ya wani matsa musu, sai an fito miƙe kawai ya taka, kafin a kai Crowthorne ya wuce, wani zagayen ya kama na gaba, haka ya dinga tsince su ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar gyaɗa, ya kafa zagaye mafi sauri na ranar a hanya. Arnoux a gaba shi kuma tayoyinsa sun fara cinyewa, motar tana karkarwa, bai tsaya ya canza ba. A zagaye na 68 Prost ya wuce shi. Zagaye 27 kacal tsakanin faci da dawowa gaba.

Pironi ma da ya yi kamar zai samu wani abu, injinsa ya fara tari a ƙarshe-ƙarshe ya ƙare can na 18. Carlos Reutemann na Williams, ɗan Ajantina, da tsohon Cosworth ɗinsa ya lallaɓo ya wuce Arnoux ana saura 'yan zagaye ya zo na biyu, kusan sakan 15 a bayan Prost. Arnoux na uku, Lauda na huɗu a tserensa na farko bayan hutun shekara biyu, Rosberg na biyar, John Watson na shida.

To kaga abin da nake nufi. In ka ce turbo ne ya mamaye tseren ba ka yi ƙarya ba, tun daga zagaye na farko har na ƙarshe babu sakan ɗaya da mara turbo ya riƙe gaba, kuma mutum ya yi faci ya dawo ya ci. Amma duba shida na farko a ƙarshe, huɗu Cosworth ne. Shida suka tashi a gaba, biyu suka kai da lafiya. Kowane ɓangare ya tafi gida da hujjarsa, Renault suna cewa kun gani ko, 'yan gareji kuma suna cewa ai ba kullum ake tsere a kan tudu ba, kuma ku dinga fashewa muna tsintar maki. A ganina 'yan garejin sun san gaskiya a ransu, don fashewa ciwo ne da kuɗi da lokaci ke warkarwa, amma ƙarancin ƙarfi a injin da ya shekara 15 ba shi da magani.

Kuma shi ya sa rigimar shekarar ta yi zafi, don a ƙasan maganar inji akwai maganar kuɗi da mulki. Masu turbo manyan kamfanoni ne, Renault da Ferrari, kuma suna ɓangaren Balestre. Masu Cosworth ƙananan tawagogin Ingila ne a bayan Ecclestone, duk da shi ɗin wayonsa ya sa ya riga ya ƙulla da BMW ta bayan gida. Da suka ga ba za su iya da ƙarfi ba sai suka koma dabara. Doka ta ce kada mota ta gaza kilo 580, amma ana auna ta ne bayan an sake cika mata ruwa da mai na sanyaya. Sai suka ɗaura wa motocinsu manyan tankunan ruwa wai na sanyaya birki ne, ana fara tsere su zubar da ruwan a zagayen farko-farko, su yi gudu da mota sakayau, an gama a sake cikawa a hau sikeli. A tsere na gaba a Brazil Piquet, wanda ya koma tsohuwar motarsa mai Cosworth, ya zo na ɗaya Rosberg na biyu, Renault da Ferrari suka kai ƙara, aka soke su biyun aka ba Prost. Don fushi yawancin tawagogin Ingila suka ƙaurace wa tseren San Marino, motoci 14 kawai suka fito.

Shekarar ta zo da baƙin ciki mai yawa. Villeneuve ya rasu a Zolder ta Beljiyam ranar 8 ga Mayu, matashi Riccardo Paletti ya rasu a Montreal a watan Yuni, Pironi yana kan gaba a maki ya yi hatsari a Hockenheim a watan Agusta ƙafafunsa suka ragargaje, bai sake tseren Fomula 1 ba. Reutemann shi tun bayan Brazil ya ajiye, daga baya ya shiga siyasa har ya yi gwamnan lardin Santa Fe. Da aka tattara lissafi, tsere 16, mutum 11 daban-daban suka ci, turbo takwas Cosworth takwas, kunnen doki. Renault sun samu layin farko sau goma amma sau huɗu kawai suka ci, Prost bayan waɗancan biyun na farko bai ƙara ci ba har shekara ta ƙare, motar ta yi ta mutuwa a hannunsa. Rosberg, wancan na bakwai ɗin na Kyalami, shi ya zama zakaran duniya da nasara ɗaya tak da maki 44. Ferrari kuma suka ɗauki kofin masu ƙera mota, karo na farko da mota mai turbo ta yi hakan.

Daga nan kuma sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Cosworth ya ci na ƙarshe a Detroit a 1983 a hannun Michele Alboreto, Williams suka koma Honda, McLaren suka sa Porsche ta gina musu nasu, Lotus suka karɓi na Renault. Ranar 15 ga Oktoban 1983 aka dawo Kyalami don rufe kaka, Prost yana gaba a maki, Faransa duk ta shirya biki, sai turbonsa ya mutu a tsakiyar tsere. Piquet da BMW suka ɗauke kambun da tazarar maki biyu, 59 da 57, ya zama zakara na farko da injin turbo. Kwana kaɗan bayan haka Renault suka sallami Prost. Su da suka kawo abin, suka sha dariya a kansa shekara da shekaru, har suka rufe tawagarsu a ƙarshen 1985 ba su ɗauki kambu ko ɗaya ba. Zuwa 1986 duk motar da ke fili mai turbo ce, kuma a gwajin neman layi waɗannan 'yan injina masu lita ɗaya da rabi suna haura ƙarfin doki 1,000, inji ya yi zagaye biyu-uku a sauke shi. Hukuma ta yi ta ƙoƙarin ja musu linzami, ta rage fetur zuwa lita 220 a 1984, 195 a 1986, 150 a 1988, ta sa bawul mai rage matsin iska, duk da haka McLaren da Honda suka ci 15 cikin 16 a 1988. A 1989 aka haramta turbo ɗungurungum, bai dawo ba sai 2014.

Akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Duk wannan bidirin a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata aka yi shi. Sunan filin ma daga harshen Zulu aka samo shi, ma'anarsa gidana, alhali masu harshen doka ta hana su zama inda suke so a ƙasarsu, Mandela yana kurkuku a lokacin. An kori ƙasar daga Olamfik tun 1970, FIFA ta kore ta a 1976, a wannan shekarar ce ma ƙasashen Afirka da dama har da Najeriya da Nijar da Ghana suka ƙaurace wa wasannin Olamfik na Montreal a kan wannan batu. Amma Fomula 1 ta ci gaba da zuwa abinta, direbobin da suka iya kwana a katifa ɗaya saboda layi biyu a takardar lasisi ba a ga sun haɗa kai irin haka a kan inda ake kai su tsere ba. Sai a 1985, bayan gwamnatin can ta kafa dokar ta-ɓaci, Renault da Ligier suka ƙi zuwa bisa matsayin gwamnatin Faransa, aka yi tseren ba su Nigel Mansell ya ci, daga nan aka daina zuwa. An dawo a 1992 bayan an saki Mandela, a filin da aka sake wa fasali aka yanke wancan dogon miƙen. Na 1993 shine na ƙarshe, kuma har yau Fomula 1 ba ta sake taka ƙasar Afirka ba. Prost ne ya ci shi, a motar Williams, da injin Renault mai silinda goma wanda ba shi da turbo.